Sharhi: Fansho Ba Ya Biyan Haraji, Amma Ribar Jarin Ɗan Fansho Tana Biya

Tun da sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, tambaya guda ke yawo tsakanin tsofaffin ma'aikata, har da na unguwar Fadikpe da ke Minna: shin za a taɓa kuɗin fansho?

Amsar ita ce a'a. Dokar, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta bar fansho da garatuti cikin abubuwan da aka yafe wa haraji.

Wannan kariya tana nan kuma a cikin Dokar Gyaran Fansho ta 2014. A ƙarƙashinta ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Ba a cire haraji daga wannan gudummawa, ko daga ribar da asusun ya samar, ko daga abin da ake biyan mutum bayan ritaya. Togaciyar ta shafi ajiyar ganin dama ce: wanda ya janye ta kafin shekara 5 zai biya haraji kan ribarta.

Sai dai kariyar tana ƙarewa ne a ranar da kuɗin suka bar asusun. Idan ɗan fansho ya karɓi dunƙulen kuɗinsa ya sayi hannun jari, za a zaftare kashi 10 cikin 100 na ribar da kamfani ya raba masa tun kafin ta iso hannunsa. Mai ribar naira 100,000, alal misali, naira 90,000 zai gani. Haka abin yake ga kuɗin ruwan ajiyar banki mai wa'adi, da na takardun baitulmali masu gajeren zango. Ga mazaunin Fadikpe, harajin ribar hannun jarinsa haƙƙin Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Neja ne, domin harajin ɗaiɗaikun mutane yana bin jihar da suke zaune.

Dokar ta yi wa ƙananan masu jari sassauci. Wanda ya sayar da hannun jarin da bai kai naira miliyan 150 ba cikin watanni 12, ribarsa kuma ba ta haura naira miliyan 10 ba, ba zai biya harajin ribar sayarwa ba. Takardun lamunin Gwamnatin Tarayya ma an yafe musu, ciki har da na tanadi da Ofishin Kula da Basussuka ke sayarwa daga naira 5,000.

Saboda haka, ga ɗan fanshon da ke shirin juya kuɗin sallamarsa, alƙaluman ribar da ake tallatawa ba su isa ma'auni ba. Kafin ya sa hannu, ya dace ya nemi banki ko dillalin hannun jari ya rubuta masa abin da zai rage bayan an cire haraji.