Masoya, Ku Daina Hayar Aljanu Suna Dangwala Maku Ƙuri'a!

Wannan watan da ɓacin rai na ɗauki alƙalami, kuma ba zan ɓoye maka dalili ba.

Kwanakin baya a wajen wani ɗaurin aure wani matashi ya tare ni, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce ba ya bari wannan shafi ya wuce shi. Na ji daɗi. Can sai ya zaro waya yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka, ya ce, "Malam, bana dai gwanarmu ce za ta ɗauki kambu, ko ana ha-maza ha-mata." Na ce, "To, ƙanena, kun fito da yawa ke nan?" Ya ce, "Ina! Mu nawa ne? Wani yaro muka samu da ya san kan kwamfuta. Karo-karo muka yi masa, ya haɗa wata 'yar manhaja da ke jefa mata ƙuri'a dare da rana. Muna barci tana aiki."

Gasar da yake nufi irin wadda ka sani ce: a jera hotunan marubuta ko 'yan fim a shafin intanet, a ce jama'a su zaɓi gwarzon shekara. Ba zan kama sunan gasar ba, ba zan kama na marubuciyar ba, don na yi imani ita ba ta ma san wainar da ake toyawa da sunanta ba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne ko ɗigon kunya babu a fuskar yaron nan. A ganinsa hidima ya yi. A nawa ganin kuwa, satar akwati ya yi, sai dai bai ɗauki gora ko adda ba.

Bari in yi maka bayanin abin a taƙaice. Idan ka latsa sunan gwaninka, wayarka saƙo take aikawa ga kwamfutar masu gasa, ita kuma ta ƙara ɗaya a lissafi. Ita wannan kwamfutar ba ta da ido, ba ta san fuskarka ba. Iyakarta ta duba adireshin da saƙon ya fito, ko ta bar wata 'yar alama a wayarka don ta gane ka in ka dawo. To, manhajar maguɗi aikinta ta riƙa aika wannan saƙo ba ƙaƙƙautawa, tana sauya adireshi, tana goge alama, tana ƙirƙiro sunayen mutanen da ba a taɓa haifa ba. Mutum ɗaya sai ya koma gari guda. Shi ya sa nake ce masu aljanu: ba ka ganinsu, sai dai ka ga ɓarnarsu.

Kada ka ɗauka yaran namu ne suka ƙago wannan wayon. Tsohon yayi ne. A watan Nuwamba na 1999 wani shafi mai suna Slashdot ya tambayi masu karatunsa wace jami'a ce ta fi iya koyar da ilimin kwamfuta a matakin babban digiri. Ɗaliban Carnegie Mellon a Amurka suka rubuta manhajar da ke zaɓar makarantarsu. Washegari ɗaliban MIT suka rubuta tasu. Da aka tashi, MIT tana da ƙuri'a 21,156, Carnegie Mellon tana da 21,032, sauran jami'o'in kuwa babu wadda ta kai 1,000. Don Allah, mai karatu, me wannan sakamako ya gaya maka game da ingancin karatu? Babu. Ya dai nuna maka injin wa ya fi gudu. Kuma ka san karkatattun haruffan nan da ake tilasta maka kwafewa kafin ka shiga wani shafi, don a tabbatar kai mutum ne? Masanan da suka yi fice wajen tsara su sun riƙa kafa hujja da wannan labari. Wato wahalar da kake sha yau, kana ƙura ido kana neman harafi, gadon irin waɗancan masu wayon ne.

Bayan shekara goma sai aka yi wadda ta fi ta. A 2009 mujallar Time ta buɗe zaɓen mutumin da ya fi tasiri a duniya. A jerin akwai Barack Obama, akwai Vladimir Putin, akwai Oprah Winfrey. Wa ya zo na ɗaya? Wani saurayi ɗan shekara 21, Christopher Poole, wanda ya kafa dandalin 4chan, da ƙuri'a sama da miliyan 16. Mabiyansa ba su tsaya nan ba. Sai da suka jera mutum 21 na farko yadda in ka tsinci harafin farko na kowane suna za su tada wata jimlar barkwanci ta dandalinsu. Da mujallar ta sa shingen haruffa ana dab da rufe zaɓe, injinan suka tsaya, sai suka koma yi da hannu don kada jerin ya rushe. Su dai waɗannan ba su yi da'awar soyayya ba. Ba'a suka zo yi, sun kuma yi, sun nuna wa duniya cewa akwatin ba shi da gindi. Kai da kake yi da sunan ƙauna, abin da suka yi shi kake yi, bambancin kawai su sun san ɓarna suke yi.

Na san za ka ce wannan ai harkar 'yan kwamfuta ce, ina ruwan fim? To, saurara. A 2022 masu shirya Oscar, don su jawo 'yan kallo, suka ƙirƙiro rukunin fim ɗin da jama'a suka fi so, aka ce a yi zaɓe ta Twitter, kowa na iya jefawa har sau 20 a rana. Mutane da dama sun sa rai Spider-Man: No Way Home ne zai lashe, fim ɗin da ya tara sama da dala biliyan 1.9 a sinimomin duniya. Sai ya ƙare a na huɗu. Army of the Dead na darakta Zack Snyder ne ya ɗauka. Bayan biki rahotanni suka fito suna zargin cewa asusun bogi sun taka rawa. Ba a tabbatar da zargin ba, kuma Snyder yana da masoya na gaske masu naci. Amma ka lura da abin da ya biyo baya: nasarar ta zo da tabo, kuma da shekara ta zagayo ba a sake jin ɗuriyar wannan rukuni ba. Zargi kaɗai ya isa ya zubar da darajar kambu.

Ku ma ma'abota littattafai ga naku. Kyautar Hugo tana cikin manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya a duniya, kuma sai ka biya kuɗin zama mamba kafin ka yi zaɓe. A 2024, da aka yi taron a Glasgow, masu ƙidaya suka sanar cewa daga cikin takardun zaɓe 3,813 sun soke 377, saboda sunayen da ke kansu na ƙarya ne ƙarara, kuma akasarinsu mutum ɗaya suka zaɓa. Kuɗin mamba a wancan lokacin fam 45 ne, ka ga an zubar da kusan fam 17,000 ke nan. Masu gasar suka ce babu shaidar cewa wanda aka yi domin shi ya sani, don haka ba su kore shi ba, ba su kuma faɗi sunansa ba. Da aka cire ƙuri'un bogi, bai ci ba. Kuɗi sun tafi, kambu bai zo ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Yanzu bari mu dawo kan hujjojin da yaron nan ya kawo mani, don na san su ne a bakin da yawa daga cikinku.

Ya ce, "Malam, kowa fa yi yake yi. In mun tsaya, a ci mu." Na ce wannan ita ce hujjar kowane ɗan bangar siyasa tun da aka fara zaɓe. In ɓangare biyu duk sun ɗauko inji, gasar ta tashi daga tsakanin marubuta biyu ta koma tsakanin masu kwamfuta biyu. Sai a miƙa wa yaron da ya rubuta manhajar kambun, a huta.

Ya ce, "Ai wasa ne, ba kujerar gwamna ba ce." Wasa a wurin wa? Ka tambayi yarinyar da ta kwashe wata shida tana rubutu da daddare bayan ta gama aikin gida, tana lallaɓa cajin waya. Ka tambayi ƙaramin jarumin da yake fatan wannan kyauta ta sa wani furodusa ya kira shi. Kambu yana jawo talla, yana jawo aiki, yana ɗaga farashin littafi. Wanda ka danne da ƙuri'ar ƙarya, abincinsa ka taɓa, kuma haƙƙi ba ya zama halal don an ci shi ta waya.

Ya ce, "Gwanarmu ce ta fi cancanta, mun dai taimaka wa gaskiya ne." In ta fi cancanta, me ya hana ku bari a gani? Kun raba ta da abu ɗaya da kyautar za ta ba ta, wato sanin cewa mutane na gaske sun karanta sun yaba. Ranar da asiri ya tonu, ba sunanka za a kira ba, ƙanena. Kai ba wanda ya san ka. Ita za a nuna da baki a wajen taro, har littattafanta na baya da ta ci da guminta sai an sa masu alamar tambaya.

Ban wanke masu shirya gasa ba. Wasunku sun san akwatinsu a ɓule yake, amma suna so a ce mutum dubu ɗari sun ziyarci shafinsu, don su kai wa masu talla. Duk wanda ya ce "ka zaɓa iya son ranka" shi ya buɗe wa aljanu ƙofa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku ɗaure kowace ƙuri'a da lambar waya guda. Ku rubuta doka a fili cewa za a soke ƙuri'ar inji. In kun soke, ku fito ku faɗi adadi kamar yadda mutanen Hugo suka yi, kada ku rufe don gudun surutu. Sannan ku bambance farin jini da ƙwarewa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, alƙalai ne ke karanta labaran su yanke hukunci. Masu AMVCA ma a 2024 sun mayar da rukunin gwarzon jarumi da jaruma hannun alƙalai, suka bar wa jama'a wasu rukunan. Zaɓen jama'a yana da daɗi, yana da amfani, amma a kira shi da sunansa, a kuma tsare shi.

Ku kuma taurari da marubuta, shirunku ya yi yawa. In ka kwanta kana na biyar ka tashi kana na ɗaya da ratar da kai kanka ka san ba ka da mutanenta, ruwa ba ya tsami banza. Fito ka ce wa masoyanka ba ka so. Kalma ɗaya daga bakinka ta fi shafi goma daga alƙalamina.

Kai kuma mai karatu, in da gaske kake son gwaninka, hanya a buɗe take. Sayi littafinta, kada ka jira a turo maka na sata a guruf. Biya ka kalli fim ɗinsa. Ba ƙanwarka aro, ka ja abokinka ku je sinima. Ranar zaɓe ka jefa taka guda ɗaya, ka roƙi mutum goma masu rai su jefa tasu. In kun ci, kun ci da fuskarku a sake. In an kada ku, kun san yawanku na gaskiya, sai ku ƙara himma baɗi.

Da za mu rabu da yaron nan na tambaye shi littattafan gwanar tasa nawa ya taɓa saya da kuɗinsa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce za a yi sallah. Har yanzu ina jiran amsa.

Allah ya sa mu gane. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in mai duka ya kai mu.