Bar wa sabar ɗaukar kaya: hujjar koyon layin umarni

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da manyan fayiloli, mai bincike ne ko injiniya, ya san takaicin saukewar da ta kai kashi 90 cikin 100 sannan sabis ya ɗauke. Data ta tafi, fayil bai zo ba. A ganina, ga wanda ke da asusu a kan wata sabar, ta jami'a ko ta haya, wannan asara ce da za a iya kauce mata.

In ka shiga asusunka ta SSH, manhajar da Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finlan a 1995, kwamfutarka ta zama taga kawai. Da ka rubuta wget, ka bi shi da adireshin fayil, sabar ce za ta sauke shi, da nata intanet, zuwa nata rumbun. Abin da ke cin datarka 'yan haruffan da ke kai-komo a allo ne kurum.

Akwai dabaru uku da suka wajaba. Na farko, wget -c yana ci gaba daga inda saukewa ta tsaya, muddin wurin da ake ɗaukowa ya yarda da hakan. A curl kuwa, -C - ake sawa. Na biyu, buɗe tmux ko screen kafin ka fara, domin yankewar haɗi kan kashe aikin da ke gudana, amma wanda ke cikinsu ba ya tsayawa. Na uku, gwada fayil ɗin da sha256sum, ka kwatanta sakamakon da lambar da masu shi suka wallafa.

Wani zai ce ai daga ƙarshe sai an kawo fayil ɗin gida, data kuma ta ƙone. Gaskiya ne, amma ba duka ake kawowa ba. Warware shi a can, tace abin da kake bukata, matse shi, sannan ka jawo da rsync --partial, wanda ba ya zubar da abin da ya riga ya iso.

Sai dai a kula. Sabar da jama'a ke tarayya a kanta tana da iyakar wurin ajiya, kuma umarnin da ka kwafo ba ka fahimce shi ba yana iya share aikin shekara. Karanta man wget tukuna; yamma ɗaya ta isa ka kama tushen abin.