Kifin Tagulla da Sikelin 'Yan Gwangwan

'Yan uwa ɗalibai, duk mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san kiran 'yan gwangwan da hantsi. A hutun da ya wuce, a kan idonmu aka fito da tasoshi da mundaye da wata tsohuwar likkafa daga ɗakin wata gyatuma da ta rasu, aka ɗora su a sikeli tare da ruɓaɓɓen risho. Babu wanda ya tambayi wa ya ƙera su, ko yaushe. Tambaya ɗaya aka yi: kilo nawa? Mu da ake kira 'yan boko muna tsaye, ba mu ce uffan ba.

Wannan sikeli shi ya tuna mana da kifin tagulla na Binin, wanda muka saba yi wa kuka a zauren muhawara. A ƙarni na 16 da na 17 an lulluɓe ginshiƙan fadar Oba da allunan tagulla. Waɗansu na ɗauke da siffar tarwaɗa, waɗansu kuwa na nuna Oba ƙafafunsa sun rikiɗe sun zama kifaye biyu. A imanin mutanen Binin, Olokun ke mulkin teku da dukiyar da ke cikinsa, Oba kuma ke mulkin tudu, don haka kifin da ke jure wa ruwa da taɓo ya zama alamar sarauta. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci birnin, suka kwashe dubban kayayyaki, suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, inda ya rasu a 1914. Har yau Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan na riƙe da kimanin guda 900.

To, su wa suka ƙera kifin? Ƙungiyar maƙeran fada ce da ake kira Igun Eronmwon, waɗanda ke gadon sana'ar kaka da kakanni, kuma jikokinsu na nan suna aiki a titin Igun. Maƙeri zai fara siffanta kifin da kakin zuma, har da gashin bakinsa. Kana ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin wannan gurbi ake zuba narkakkiyar tagulla. In ta huce sai a fasa yumɓun, shi ya sa ba a samun guda biyu iri ɗaya. Kuskure kaɗan a zafin wuta, aikin makonni ya tashi a banza. Wannan ilimi ne zunzurutu, ko da babu wanda ya ba su digiri.

Turawa ba su tsaya ga kwashe kayan ba, har basirar ma sun nemi su raba mu da ita. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga wani kan tagulla a Ife, wanda mutanen garin ke dangantawa da Olokun, sai ya ce ai aikin mutanen wata ɓatacciyar ƙasa ce da teku ta cinye, wai Atlantis. Ƙasa da kanta ta ƙaryata shi. A Igbo-Ukwu, haƙar da Thurstan Shaw ya yi a 1959 da 1960 ta tabbatar da gwanintar maƙeran wurin, waɗanda cikin aikinsu har da mazubi mai siffar katantanwa, kuma awo ya nuna aikin ƙarni na 9 ko na 10 ne, watau wajen shekara 500 kafin jirgin Fotugal ya iso gaɓar Binin.

Lalle mun yi fafutuka. A 1977, lokacin bikin FESTAC a Ikko, an nemi aron fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia daga Landan aka hana, sai masassaƙan Binin suka sassaƙa wata. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar kaya fiye da 1,000, a 2025 kuma Holan ta dawo da guda 119. Madalla. Amma da wane baki za mu zagi wanda ya sace ya adana a gilashi, alhali mu namu narkar da shi muke yi? Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani.

Kada mu manta, tarihin Kano ya ce sunan birnin nan ma na wani maƙeri ne da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Muna da maƙeran baƙi masu garma da lauje, muna da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa, waɗanda suka yi wa dokin hawan salla ado, suka cika ɗakin amarya da tasoshi kafin kwanon kanti da roba su kore su. Wa a cikinmu zai iya kawo sunan guda ɗaya daga cikinsu? Ɗan maƙeri ya shigo jami'a yana ɓoye asalinsa, domin mun koya masa cewa zugazugi abin kunya ne.

Wani zai ce ai kayan Binin gumaka ne, ina ruwanmu. Mun ji. Babu wanda ya ce a bauta wa kifi. Adana shaida dabam, bauta dabam. Bugu da ƙari, tasar gyatumar Tarauni ba ta da siffar wani abu mai rai, amma wannan bai cece ta daga sikeli ba. Ashe ba tsoron Allah ya sa muka zubar da ita ba, raini ne.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta sa kowane ɗalibi, in ya je hutu, ya ɗauki hoton tsoffin kayan tagulla na gidansu, ya rubuta abin da manya suka sani game da maƙeransu. Sassan tarihi da injiniya su gayyato maƙera su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan baƙon malami. Magada kuwa, kafin su kira ɗan gwangwan, su fara leƙa Gidan Makama. In ba haka ba, wata rana jikokinmu za su biya kuɗin jirgi su je ganin tasar kakarsu a Landan, kuma a wannan karon ba mu da wanda za mu kira ɓarawo.