Wace S23 ɗin?

A shekarar 2023 kamfanoni biyu suka fito da waya mai suna S23. Ɗaya ta Samsung ce, ta Koriya ta Kudu, wadda aka fara sayarwa kan kusan dalar Amurka 800. Ɗayar kuma ta itel ce, 'yar ɗakin Tecno da Infinix, waɗanda duk kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ke ƙerawa, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. Ba a nan abin ya tsaya ba. Samsung ta yi A70 a 2019, itel ma ta zo ta yi tata A70. Huawei ta yi P40 a 2020, itel ma tana da P40. Kowane kamfani zai ce da sunansa a gaba, don haka bai cuci kowa ba, kuma a kan takarda gaskiya ya faɗa. Amma a bakin teburin mai sayar da salula a Magarya ko Dungas ba da takarda ake ciniki ba, da baki ake yi. Yaro yana ci-rani a Kano ko Agadas ya turo wa babansa saƙon murya cewa ya aiko masa da S23, tsoho ya kai ta kasuwa don ya sayar ya sayi taki, can ne zai ji cewa S23 ɗin iri biyu ce.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a yi magana kan wannan ɗabi'a ta liƙa harafi guda a gaban sunan kowane sabon kaya. Wasu za su ce ƙaramin abu ne. Mu ma ba mu ce ya kai matsalar wuta ko ta rezo ba. Sai dai ƙaramin abu ne da ke cin kuɗin talaka, kuma shi ne wanda gyaransa ba ya bukatar ko dala ɗaya daga baitulmali.

Asalin yayin ba wani ɓoyayye ba ne. Harafin e ya fara tashe da wasiƙar intanet, don a bambanta ta da wasiƙar gidan waya, kuma a lokacin yana da aiki. A 1998 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar iMac, shugabansa Steve Jobs ya bayyana cewa i ɗin na nufin intanet, domin a zamanin kwamfutar da ke shiga intanet cikin sauƙi abin talla ce. Daga nan aka samu iPod a 2001, iPhone a 2007, iPad a 2010. A 2007 ɗin dai Safaricom ta Kenya ta buɗe M-Pesa: m na nufin wayar hannu, pesa kuma kuɗi ne da Suwahili. Da waɗannan suka yi kasuwa sai kowa ya ɗauka sirrin yana cikin harafin. Har shari'a aka yi a kansa: Cisco ta kai Apple kotu a farkon 2007 domin ita ce ke riƙe da sunan iPhone tun da farko, sannan a 2012 Apple ta biya kamfanin Proview dalar Amurka miliyan 60 kafin ta mallaki sunan iPad a ƙasar Sin. Abin lura shi ne ita kanta Apple ta gaji da harafin. Da ta zo nuna agogonta a 2014, Apple Watch ta kira shi. Masu abin sun ajiye, mu ne muke ta tsinta.

To, me ya sa abin ya fi damun mu a nan kudancin Damagaram fiye da mazauna Pari ko Landan?

Dubi yadda ƙasar take. Magarya da Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya aka ba ta matsayin gunduma a 2011, sun tara mutane fiye da dubu 900 a ƙidayar 2012, kuma suna cikin wuraren da jama'a ta fi cunkoso a Nijar. Rayuwarsu rabi tana wannan gefen iyakar Najeriya, rabi tana wancan. Mutumin Dungas ranar Alhamis yana Maigatari da dabbobinsa. Na Magarya ya bi ta Tinkim ya faɗa Babban Mutum. Naira da sefa aljihu ɗaya suke kwana, kuma a ƙauyuka da dama na bakin iyaka layin Najeriya ya fi kamawa, shi ya sa waya mai layi biyu ta zama dole. Wayoyin kansu galibi daga kasuwar Farm Center ta Kano suke shigowa, ko daga Kasuwar Dole ta Zinder. Ke nan kowane suna sau biyu ake karanta shi, da bakin makaranta biyu. Wanda ya yi lakwal a Nijar ya ga harafin i, zai ce "i". Ɗan'uwansa da ya yi firamare a Ɓaɓura ya ga harafin nan, zai ce "ai", sai ya ga e sannan ya ce "i". Saboda haka in an ce "i" a kasuwar bakin iyaka, ba a san ko wane harafi ake nufi ba sai an tambayi inda mai maganar ya yi karatu. Haka A take: "a" a nan, "e" a can. Ga Bahaushen da bai shiga ko ɗaya daga cikin makarantun biyu ba kuwa, "i" da "e" duk amsa ce ta yarda, ba su da wata alaƙa da lantarki.

Kuma su ne masu rinjaye. Alƙaluman UNESCO na nuna cewa manyan da ke iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a karkara kuma, musamman wajen mata, abin ya fi haka ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda ake lissafawa a marasa karatu suna karanta ajami sarai, amma ajami ba shi da babban baƙi da ƙaramin baƙi, balle a ce ƙaramin i a gaban babban P yana ɗauke da wani saƙo. Duk kwalliyar da masu talla suka ɓata dare suna tsarawa, ido aka yi wa ita. Mu kuwa kasuwarmu ta kunne ce: rediyo, saƙon murya na WhatsApp, da abin da maƙwabci ya faɗa.

Kada a fahimce mu a baibai. Mutanen karkara ba sa tsoron na'ura. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina hawa mota don ya je jin farashin gero. Daga baya shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda aka gudanar a jihohin Doso da Damagaram, ya nuna manyan da aka koya wa karatu tare da waya sun fi riƙe abin da suka koya. Jama'a na karɓar abin da ya yi musu amfani da hannu biyu. Kuma in sun karɓa, su ke raɗa masa suna. Ƙaramar waya mai tocila ta samu laƙabinta na "raka ni kashi", kuma duk rashin kunyar sunan, ya faɗi aikin kayan fiye da duk wata lambar da aka buga a kwalinsa. A Kano babur mai ƙafa uku ya zama A Daidaita Sahu, a nan kuma ɗan haya kabu-kabu ne ko wane iri ya hau. Suna linzami ne, in ji Hausawa, kuma linzamin da bai shiga baki ba ba ya juya doki.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne na gida. Apple da Samsung ba su san da zaman Bande ko Washa ko Dogo-Dogo ba, kuma ba za su sauya suna don ra'ayin wata jarida ba. Amma namu fa? Airtel ta kira hidimarta ta aika kuɗi M-Koudi: kalmar Hausa, rubutun Faransanci, harafin Ingilishi da aka aro daga Kenya. Hukumar ANSI, wadda aka ɗora wa shirin Niger 2.0, ta sa wa gasarta ta matasa masu ƙirƙira suna e-Takara. Akwai kuma e-Kokari, hidimar da manomi zai kira ya saurari bayani da murya cikin Hausa ko Zabarmanci. Wannan ta ƙarshe mun yaba mata, domin masu ita sun gane cewa manomi da kunne yake karɓar labari, kuma wannan shi ne ainihin basirar. To, me e ɗin ya ƙara? Takara da ƙoƙari da kuɗi kalmomi ne da yaron goye ya sani. An ɗauko su cikakku, sannan aka ɗora musu harafin da ba manomi aka yi wa ba. Mu a ganinmu an yi shi ne don mai ba da tallafi da ke karanta takardar neman kuɗi a Yamai ko Washinton, ya ga alamar zamani ya sa hannu. Ba laifi ba ne neman tallafi, amma sai a san wa ake yi wa magana.

Wanda ke shakka ya dubi maƙwabta. A ranar 25 ga Oktoban 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wato nairar intanet, aka yi ta shela cewa Najeriya ce ta farko a Afirka da ta yi irinta. A 2023 wani bincike na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gano cewa sama da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su a mako. A farkon 2023 ɗin ne canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya buga kasuwannin bakin iyaka har wannan gefen namu. Lokacin da ya kamata eNaira ta nuna kanta ke nan, amma 'yan kasuwa wajen masu POS da OPay da Moniepoint suka nufa. Ga abin dariya: OPay ma harafi guda ne a gabanta, O na kamfanin Opera. Ita ma ta taɓa haifar ORide da OCar da OExpress, ta rufe su a 2020. Harafi ɗaya, wani ya rayu, wasu suka mutu. Abin da ya raba su shi ne ko kuɗi na isa hannun wanda aka aika wa kafin kasuwa ta watse.

A namu gefen ma haka ne. Kamfanonin aika kuɗi da suka shiga jinin jama'a, Nita da Amana da Al Izza, ba wanda ya jingina da wani harafi. Sun buɗe rassa har garuruwan da banki bai taɓa takawa ba, tsohuwa ta je da katinta ta karɓi abin da ɗanta ya aiko. Da Amana ta zo yin manhajar waya sai ta kira ta AmanaTa, wato ta yi ƙarin a inda Hausa ke yin sa, a ƙarshe, kuma ƙarin yana da ma'ana. Da Orange ta bar ƙasar nan, waɗanda suka gaje ta suka zaɓi Zamani. Ba wanda ya ce waɗannan sunaye sun yi ƙauyanci.

Za a iya ce mana harafin yana taimaka wa mai gyaran waya, kuma haka ne. Mai gyara na bukatar lambar samfuri don ya san gilashi ko batirin da zai sayo. Amma shi ma ya san A70 kaɗai ba ta ishe shi ba, sai ya tambayi ta wane kamfani. Lamba ta zauna a bayan kwali don masu sana'a. Abin da muke ƙi shi ne ta zama ita ce sunan da ake cinikin jaka ɗari da shi.

Kundin da Nijar ta amince da shi a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In wannan magana za ta wuce takarda, ga wuri mai sauƙi da za a fara. Duk wata hidimar gwamnati da za a kai wa jama'a ta waya, ko ta biyan haraji ce, ko ta rajistar haihuwa, ko ta raba taki, a ba ta sunan da za a iya faɗa a rediyon ƙauye a gane abin da take yi ba tare da tafinta ba, da Hausa da sauran harsunan yankunan da za ta shiga. Kafin a buga alluna a gwada sunan a bakin mata goma a kasuwar Gushi ko Sassumburum: in sun iya maimaita shi, suka kuma faɗi aikinsa, an samu suna. Hukumar ARCEP, wadda ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, tana da hurumin neman su bayyana hidimominsu da kuɗin da suke cira cikin harshen da mai layi ke ji, kuma muna roƙon ta yi.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, masu tebur da masu shago, abin da muke nema bai fi ƙarfinsu ba. Kada a ce wa mai saye "S23 ce" a yi shiru. A faɗi kamfanin, a faɗi girman ma'ajiyarta, a faɗi ko sabuwa ce ko ta hannu, a rubuta duka a rasit. Shugabannin 'yan waya na Magarya da Dungas za su iya mayar da wannan ƙa'idar ƙungiya tun kafin kaka, lokacin da kuɗin riɗi da gyaɗa ke shigowa hannun manoma, cinikin salula ya tashi.