Motar da aka ƙera da hannu: a Ingila ta attajirai ce, a nan fa ta wa ce?



Da wuya a yi wata uku ba a turo mana bidiyon wani matashi da ya haɗa "motar tsere" da hannunsa ba. Langa-langa, injin babur, jan fenti, ƙofa mai ɗagawa sama. Nan da nan sai Masha Allah ta cika ƙasan bidiyon. Wasu su ce gwamnati ta ɗauke shi, wasu su ce da a Turai yake da tuni ya zama biloniya. Bayan kwana goma kowa ya manta. Motar na bayan gida kaji suna kwana a ciki, yaron kuma ya koma kabu-kabu.

Wannan makon muna so mu bincika maganar nan ta "da a Turai yake", domin muna ganin ita ce ke ruɗin yaranmu. Ko a can ɗin, masu ƙera motar tsere da hannu da ƙyar suke numfashi.

A garin Malvern na Ingila akwai kamfanin Morgan, wanda ya faro tun 1909. Har yau kafintoci ne ke sassaƙa ƙashin jikin motarsu da katako, masu bugun ƙarfe su lulluɓe shi da alminiyam, madinka su ɗinka kujerun fata. A shekara ba sa kai mota dubu ɗaya. Abin da zai ba ku mamaki, motar Morgan ta farko mai ƙafa uku ce, kamar dai Keke Napep ɗinmu, kuma an yi ta ne don mutumin da ƙarfinsa bai kai babbar mota ba. Haka ma Lotus Seven da ta fito a 1957: a wargaje ake sayar da ita, mutum ya kai gida ya haɗa da kansa, don ya tsira daga harajin da ke kan haɗaɗɗiyar mota. Wato asalin wannan sana'a ta masu ƙaramin ƙarfi ce.

Yau fa? Morgan Plus Four sabuwa ta haura fam dubu sittin. A canjin da fam ɗaya ke kai-kawo kusa da naira 2,000, kuɗin ya wuce naira miliyan ɗari tun kafin a yi maganar jirgin ruwa da kwastam. Dalilin tsadar a fili yake. Ladan ma'aikaci a can ya yi sama, kuma aikin hannu lokaci yake ci. Ga dokokin hayaƙi da na kare lafiyar fasinja: kuɗin gwajin da Toyota za ta raba kan miliyoyin motoci, ƙaramin kamfani kan 'yan ɗaruruwa zai raba shi. Shi ya sa TVR ta rufe masana'antarta ta Blackpool a 2006, Bristol ta durƙushe a 2011 aka ƙarasa binne ta a 2020. Waɗanda suka rage kuwa sun miƙa wuya ga masu jari na waje. Geely ta China ta karɓi Lotus a 2017, kamfanin Investindustrial na Italiya ya sayi mafi yawan Morgan a 2019 daga hannun iyalan da suka riƙe shi fiye da shekara ɗari, sannan wani kamfanin Japan ya sayi Caterham a 2021.

To, a ganinmu irin wannan mota ba za ta ɓace ba, amma ta riga ta bar hannun talaka har abada. Ta zama kamar dokin hawan sallah: ba don zuwa gona ake ajiye shi ba, kuma mai ajiye shi ya san abin da yake kashewa.

Sai dai akwai wani sirri a wurin Morgan da ya kamata kowane matashi mai walda ya sani. Ba sa ƙera inji. Injin Plus Four na BMW ne, na sabuwar mai ƙafa ukunsu, Super 3, na Ford ne. Sun bar wa manya abin da manya suka fi iyawa, suka riƙe abin da hannu kaɗai ke yi, suka sa masa farashi. Mu kuwa da yaro ya nuna motarsa sai wani ya yi tsaki ya ce ai injin ba nasa ba ne. Wannan ba abin kunya ba ne, haka masu sana'ar suke yi ko'ina.

Mu dawo gida. Ba mu rasa masu basira ba, kuma mu 'yan jihar Sakkwato mun fi kowa sanin haka. Jelani Aliyu ya yi karatu a kwalejin gwamnatin tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da General Motors har zanensa ya zama silar motar Chevrolet Volt. Daga 2017 zuwa 2023 shi ya jagoranci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, kuma a zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin motar lantarki mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Ku lura da hanyar da ya bi: makaranta, horo, kamfani mai jari. Babu inda tafi da yabo suka ɗauke shi.

Ga kuma Jerry Mallo na jihar Filato, wanda ya nuna motar tsere mai suna Bennie Purrie a Abuja a watan Nuwamba 2019. Duk jaridu sun ɗauka. Amma kamfaninsa na Jos da injinan noma da na sarrafa amfanin gona aka san shi. Motar tseren ta jawo ido, aikin yau da kullum kuma yana wurin manomi. Mustapha Gajibo a Maiduguri shi ma bas-bas na haya ya nufa, yana mayar da su masu lantarki, saboda ya san wanda zai biya kuɗin.

A nan ne muke ganin an juya mana lissafi. A Ingila aikin hannu shi ne mai tsada, na inji shi ne mai araha. A Boɗinga da Shagari aikin hannu shi ne kaɗai abin da ke riƙe da motar talaka a kan titi. Mun daɗe muna ƙera mota da hannu, ba mu dai kira shi haka ba. Gingimarin da ke kwasar albasa da shanu zuwa kudu, kai da shasi kawai ake sayowa, bodin nan kafinta da mai walda na gida ne suka gina shi, mai fenti ya zana masa dawisu da zaki. A-kori-kurar da ke shiga Sifawa da Danchadi ranar kasuwa, da yawansu sun girmi direbobinsu, kuma kusan babu wani ƙarfe a jikinsu da bakanike bai taɓa bugawa ko ya like ba. Peugeot ta fara haɗa mota a Kaduna a 1975, amma hannun mutanen gareji ne ya sa 504 ta kai jikoki. Har dukawa muna da su. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai tun kafin a haifi Morgan, sai dai da sunan Maroko aka riƙa sayar da ita.

Wannan hannun ne yake cikin haɗari, kuma shi ya fi damunmu, ba motar Malvern ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, mai walda yana tsakanin wutar da ba ta zuwa da janaretan da ba ya ƙoshi. Farantin ƙarfe, sandar walda, fenti, duk da dala suke tafiya. Motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su, tsohon bakanike mai gane ciwon inji da kunne sai ya tsaya yana kallo. Yaran da a da ake kai wa oga su yi shekara biyar suna koyo, yanzu sun ga wanda ya hau babur yana dawowa da kuɗi tun ranar farko. Ogan da ya iya gina bodin gingimari daga farko har ƙarshe in ya rasu babu magaji, iliminsa ya tafi da shi, domin babu inda aka rubuta.

Kada kuma son namu ya rufe mana ido. Aikin hannun da ba a auna ba yana kisa. Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ya san abin da bodin da aka ƙara wa tsawo da tsayi, aka lafta masa lodi, yake yi a kwana in birki ya ƙi. Morgan tana sayar da katako a kan miliyan ɗari ne saboda an gwada motar an ba ta takarda. Yaron da ya haɗa mota a bayan gida ba shi da lambar shasi, ba zai samu rajista ba, ba zai samu inshora ba, kuma jami'an kiyaye haɗura suna da gaskiya in sun tare shi.

Don haka abin da muke nema daga wakilanmu ba a kira yaro gidan gwamnati a ɗauki hoto a ba shi ambulan ba ne. NADDC tana da cibiyar gwaji a Zariya. A buɗe wa ƙananan maƙera hanya mai sauƙi da za su kai aikinsu a gwada, a ba shi lamba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana nan kusa da mu, ta riƙa karɓar yaran gareji a gajeren kwas na awo, zane da lantarkin mota ba tare da an tambaye su sakamakon jarrabawa ba. Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari in za su sayi keken kwashe shara ko na ɗaukar kaya, su sayo injin da shasi, su ba masu walda na gida aikin bodin.

Mu ma a wannan zaure akwai namu. Duk wanda ya san garejin da ke gina bodi ko yake ɗaukar yara koyo a Boɗinga, Sifawa, Danchadi ko Shagari, ya faɗi unguwar da irin aikin da suke yi a ƙasan wannan rubutu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu tattara su wuri ɗaya mu liƙa a sama.