Labarin Ƙurar Zinariya, Kada Ya Salwanta a Ƙasar Anka



Duk wanda ya zauna da dattawan Anka ya tambaye su labarin kakanni ba zai tashi hannu wofi ba. Za su gaya masa yadda Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a cikin ƙarni na 18, da yadda sarautar ta yi ta ƙaura, daga Kiyawa zuwa Sabon Gari, har ta zo ta zauna a Anka. In ya bi hanyar Daki Takwas ya isa Gummi, a jera masa sarakunan Mafara. In ya ratsa Bukkuyum, a jera masa na Danko. Malamai kuwa sun san Shehu Usmanu ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, zama ƙanensa Abdullahi ya rubuta hakan cikin Tazyinul Waraƙati. Waɗannan duka sun tsira ne don an sami mai riƙewa, ko maroƙi da bakinsa, ko malami da alƙalaminsa.

Amma akwai wani labari da ya fi waɗannan kusa, shaidunsa suna raye, ga shi kuwa yana neman ɓacewa, don babu sarki a cikinsa, babu yaƙi, sai mata da ƙananan yara da tsakar gida. Shi ne abin da ya auku a shekarar 2010.

Ga yadda aka yi. Kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, manoma suka ga abin da ake samu a rami ya fi na gona, suka dinga ɗebo dutse a buhuna suna kawowa gida. A farfasa shi da guduma, a kai shi injin niƙa irin wanda ake niƙa dawa da shi, a wanke garin, a shanya a tsakar gida inda ake shanya tsaba. Wani wurin ma turmin daka ne ya yi aikin. Ashe dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta sauka a kan tabarma da ƙwarya da bakin rijiya. Babba ya shaƙa ya wuce, amma yaro mai rarrafe, wanda hannunsa ba ya rabuwa da ƙasa, ba ya kuma rabuwa da bakinsa, shi ne ya kwashi kaso mafi yawa.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan yara suka shiga amai da suma da jijjiga. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Aka yi rubutu, aka yi turare, ƙananan kaburbura suna ta ƙaruwa. Sai a watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka fito bin sawun sanƙarau, suka lura abin ya wuce misali, aka gwada jini, aka gane gubar dalma ce. A Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, masu bincike sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda. Watau ɗaya cikin huɗu. Da aka haɗa da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega da sauransu, waɗanda suka rasu sun kai 400 ko fiye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

A nan akwai abin da ya kamata malamai su tsaya a kansa. Almajiri tun yana Ahalari da Ishmawi ake koya masa tsarki: wane ruwa ne ya halatta, mece ce najasa, yaya ake gusar da ita. An kuma koya masa ƙasa mai tsarki ce, har da ita ake taimama in ruwa ya ɓace. Wannan gaskiya ne, ba mai ja. To, amma ƙurar nan ba ta da wari, ba ta da launin da zai tsorata mutum, ba najasa ba ce a hukunci, saboda haka matar da ta fi kowa tsabta a unguwa ba ta ga dalilin gudunta ba. Tsarki dabam, rashin cutarwa dabam. Ba jahilci ne ya kashe yaran nan ba, kamar yadda wasu 'yan birni suka riƙa faɗa; abu ne wanda ba a taɓa gaya wa iyayensu ba.

Maganin ma ya ba da wahala. Ba shi da amfani a ba yaro ƙwaya ya koma gidan da ya ɗauko cutar, don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, ɗaki ɗaki, aka kai aka binne, aka zubo sabuwa. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin aikinta ya fito. Da yawa cikin yaran da suka tsira sun tashi da raunin gani ko na fahimta, wanda ba ya warkewa.

Wani zai ce, me ya sa za a tono ciwon da ya fara lafawa? Domin abin yana maimaituwa. A 2015 irinsa ya auku a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, kamar ba a taɓa jin labarin Zamfara ba. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Jariran 2010 yanzu samari ne, su ne masu ƙarfin shiga rami, ba su kuwa ga komai da idonsu ba. Ga kuma ta'adin 'yan bindiga ya watsa ƙauyuka da dama, tsofaffin da suka riƙe labarin suna zaman hijira a Anka da wasu garuruwa. Cewa talaka ya bar zinariya magana ce ta wanda rumbunsa ke cike. Abin da za a iya gaya masa ya ji shi ne kada dutsen ya ƙetare ƙofar gida, kada a niƙa shi inda ake niƙa abinci, kuma mai aikin ya yi wanka ya sauya tufa kafin ya ɗauki ɗansa.

An rubuta rahotanni masu yawa a kan wannan, amma da Turanci, suna ajiye a Abuja da ƙasashen Turai. Ɗan Gummi, Shaihu Abubakar Mahmud, ya mayar da ma'anonin Alƙur'ani cikin Hausa don mutum ya ji da harshensa; balle labarin garin mutum da 'ya'yansa. Lalle ne limamin kowane ƙauye da abin ya shafa ya zauna da mai gari da tsofaffin mata, don su ne suka yi jinyar, a rubuta da ajami a takarda biyu ko uku: shekarar, da inda aka ɗebo dutsen, da gidajen da aka niƙa shi, da alamun ciwon, da abin da aka yi ya tsaya. A ajiye ɗaya a masallaci, ɗaya a gafakar malamin allo, a riƙa karanta wa manyan almajirai da kaka, lokacin da aka gama girbi samari ke shirin tafiya rami. A kuma fara da mutuwar agwagin, don ita ce alamar da kowa zai iya gani ba tare da likita ba.