Ba jikinka ne ya saba da maganin ba

1/ Jiya a hostel wani ya ce min wai Amoxil ya daina masa aiki, jikinsa ya saba. Malam, ba jikinka ba ne. Ƙwayoyin cutar ne suka gano lagon maganin. Ku biyo ni.

2/ Bakteriya tana da bangon da ke riƙe ta. Amoxil da sauran dangin fenisilin hana ta gina bangon suke yi, sai ta fashe. Ƙwayar mura kuwa bairos ce, ba ta da wannan bangon. Ko kwali goma ka shanye, a banza.

3/ Duk sanda ka sha, masu rauni ke mutuwa. Cikin miliyoyi akwai 'yan tsirarun da ke fitar da sinadarin da ke lalata maganin. Su ke tsira, fili ya zama nasu. Wasu cikin minti 20 sun ninka, har maƙwabtansu suke ba dabarar.

4/ Kuma ba a jikinka suke tsayawa ba. Ta hannu, ta bayi, ta ruwan sha, sai su kai ga jariri ko mai jegon da aka yi wa tiyata.

5/ A 2019 kaɗai, cututtukan da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi jin jiki.

6/ Na san ganin likita da gwaji akwai tsada, wallahi na sani. Amma kafso biyu daga kemis don mura bashi ne, kuma wani zai biya. Ka bari likita ya rubuta, ka sha yadda ya ce, kar ka ba kowa ragowar.